Wasiƙa daga Ingila: PCOS ba magani ɗaya ake ba kowa ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata na gida, da iyaye da mazajen da ke raka su asibiti.

A asibitocin nan Ingila, idan aka tabbatar mace na da PCOS, wato ciwon rikicewar sinadaran jiki da ke shafar gidan ƙwai da al'ada, abin da ake fara tambayarta shi ne ko tana neman ciki yanzu. Amsarta ce ke zaɓar magani. Mun ga ya dace mu rubuto, domin a gida da yawa suna shiga kemis su sayi Clomid, maganin da ke sa ƙwai ya fita, a kan maganar ƙawa, alhali ba a ma tabbatar da ciwon ba.

Ƙa'idar Rotterdam ta 2003, wadda likitoci ke bi wajen tabbatar da ciwon, ta ce sai an samu biyu cikin uku: al'ada mai tsallake ko mai ɗaukewa, alamun yawan sinadarin maza kamar gashin haɓa da ƙurajen fuska, sai hoton ciki da ya nuna ƙananan ƙwayaye jere a gidan ƙwai. Hoton shi kaɗai bai isa ba, kuma ba a dogara da shi ga yarinyar da ba ta daɗe da fara al'ada ba. Kafin a yanke hukunci a auna sinadarin thyroid (ƙullin da ke gaban wuya) da prolactin (sinadarin da ke kawo ruwan nono), don matsalarsu na kama da wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon na shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa.

A jikin mafi yawan masu shi, insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ba ya aiki yadda ya kamata, sai jiki ya riƙa ƙara fitar da shi. Yawansa ke sa gidan ƙwai ya samar da sinadarin maza, ƙwai ya kasa nuna. Baƙin da ke fitowa a bayan wuya da hammata daga nan yake. Ba dauɗa ba ce, kuma man bilicin ba ya taɓa shi. Magungunan ƙiba irin dexamethasone da ake sha gabanin biki kuwa ƙara dagula sukari suke yi.

Wadda ba ta neman ciki, yawanci ana ba ta ƙwayar tsarin iyali mai sinadari biyu, ta daidaita al'ada ta rage gashi da ƙuraje. Gashin sai an yi haƙurin wata 6 kafin a ga bambanci. Ba a ba mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido. Idan ƙwayar ba ta karɓe ta ba, kada dai a bar al'ada ta wuce kwana 90 ba ta zo ba. Bangon mahaifa na ci gaba da kauri, kuma a tsawon shekaru hakan na ƙara haɗarin sankarar mahaifa. Likita kan ba da medroxyprogesterone na kwana 10 zuwa 14 don jinin ya sauka. Spironolactone na rage gashi, amma ba a shan sa sai da tsarin iyali, saboda yana iya cutar da ɗan tayi namiji.

Metformin, maganin sukari da ke taimaka wa insulin aiki, ana farawa da miligiram 500 sau ɗaya tare da abinci, a riƙa ƙarawa mako-mako har 1,500 ko 2,000 a rana. Masu cewa ya ɓata musu ciki da gudawa, galibi da babban awo suka fara, ko suka sha shi ciki ba komai. Akwai nau'in da ke narkewa a hankali, ya fi sauƙi. Wadda ta shekara da shekaru a kansa ta auna bitamin B12.

Mai neman haihuwa, letrozole ne yanzu a gaba da Clomid: miligiram 2.5 na kwana 5 a farkon al'ada, a ƙara idan ƙwai bai fita ba. Clomid ba a wuce zagaye 6, kuma ana bin sa da hoto, don yana iya nunar da ƙwai fiye da ɗaya ko ya kumbura gidan ƙwai. A fara folic acid tun kafin ciki. Maigida ma ya kai maniyyinsa a auna tun farko. Ba adalci ba ne ta yi wata shida tana haɗiyar ƙwaya alhali matsalar na wajensa.

Babu wani abinci na musamman da aka tabbatar ya fi sauran, don haka kada a kashe kuɗi kan shayin da ake tallatawa a intanet. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 na nauyi kan dawo da al'ada: mai kilo 80 ta sauke 4 zuwa 8. A fara da rage abin sha mai zaƙi, wato lemon kwalba, zoɓo da kunun aya masu sukari, da shayin da aka cika wa madarar gwangwani. Tuwo malmala ɗaya daidai dunƙulen hannu, miyar kuka ko kuɓewa ko zogale ta fi shi yawa, a rage mai. Tuwon dawa da gero da acca sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki. Wake, alale, ƙwai da kifi su shigo kullum. Siririya ma tana kamuwa da PCOS, ita ba rama ake nema mata ba.

Motsa jiki minti 150 a mako, misali minti 30 kwana 5, da saurin da za ki iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Wadda ba ta fita za ta iya zagaya tsakar gida bayan cin abinci, ko tsallen igiya. Kwana 2 a mako a haɗa da tsuguno da miƙewa, ko ɗaga galan na ruwa, domin tsoka ce ke zuƙe sukari daga jini. A riƙa auna sukari duk shekara 1 zuwa 3, da hawan jini duk shekara, ko da an haihu, ko da al'ada ta daidaita.

Wassalam,
'Yan'uwanku ma'aikatan lafiya a Ingila