Ranar da Na Kira Sunan da Ba a Kira a Ciudad Mier

Lokacin da nake karatu a kudancin Teksas, malaminmu ya ba mu aikin rubuta tarihin wani gari na bakin iyaka. Na zaɓi Ciudad Mier da ke jihar Tamaulipas ta Meksiko, saboda kakar wani ɗan ajinmu can take, kuma ya yarda ya yi mini tafinta. Da hantsi muka haye gadar garin Roma na Teksas zuwa garin Miguel Alemán na Meksiko, da sharaɗin ko me muke ciki mu baro garin kafin la'asar.

Mier ta girmi ƙasar Amurka, don a 1753 aka kafa ta. In dai zancen dā ka kawo, har kujera za a jawo maka. A Disambar 1842 wasu mayaƙan Teksas suka afka wa garin, Janar Pedro de Ampudia ya ci su da yaƙi ya kama su. A hanya suka tsere, aka sake damƙe 176. Sai aka zuba wake a tukunya, fari 159, baƙi 17, duk wanda ya zaro baƙi aka harbe shi. Can a wani wuri da ake kira Salado aka yi wannan ƙuri'a a 1843, amma tsohuwar ta ba ni labarin da armashi kamar a tsakar gidanta aka yi.

Ganin hira ta yi daɗi, sai na tafka wauta. Na ajiye waya a tebur tana naɗar magana, na tambaye ta yadda Zetas, wato wata ƙungiyar masu safarar ƙwaya, suka shigo garin. Tsit. Ta dubi taga, ta dubi wayar, ta ce, "Mijo," wato ɗana, "a nan harafin ƙarshe muke cewa." Da Z ke nan sunansu ya fara. Wasu kuma miyagun kawai suke cewa. Na tuna yadda a wasu ƙauyukanmu ake cewa mutanen daji, ana rage murya. Ni da na san wannan tun daga gida, ban da wani uzuri.

Sauran bayanin sai a jaridu na tattaro shi. Zetas asalinsu sojoji ne da suka gudu daga aiki suka zama 'yan bangar ƙungiyar masu safarar ƙwaya ta Gulf. A farkon 2010 suka raba gari da iyayen gidansu, Mier kuwa tana kan mahaɗar hanyar bakin kogi da wadda ta nufi Monterrey, kowa na son ta don safarar ƙwaya. A Nuwamban shekarar, bayan sojojin ruwa sun kashe wani shugaban Gulf da ake kira Tony Tormenta a Matamoros, ɗaruruwan mutanen Mier suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka fake a Miguel Alemán. Garin da gwamnati ta sa cikin wuraren yawon buɗe ido a 2007 ya koma kufai, sai a ƙarshen 2011 aka buɗe barikin soja.

Tun ranar ban sake kunna waya a gaban wanda bai ce in kunna ba, kuma na daina fara tambaya da jini. Da na kashe ta na sa a aljihu, muka koma zancen girki, can da kanta ta ce ita ma ta yi makonni tana kwana a ɗakin taro a Miguel Alemán. Abin da ya fi tsaya mata a rai kajinta ne, da ta bari ba ruwa.

Ƙarfe uku jikanta ya nuna mini agogo, muka tashi.