Takardar dagaci da kwalin taimakon masallaci

Duk mai cin kasuwar Gujungu ran Lahadi ko Maigatari ran Alhamis ko Shuwarin ran Litinin ya san mutanen nan da nake magana a kansu. Wata tsohuwar bas an ɗaura mata lasifika a ka tana ta "a taimaka wa ɗakin Allah, fi sabilillahi, wanda ya bayar Allah ya ninka masa", ko kuma samari biyu uku da kwali an huda samansa suna bin rumfa rumfa, ɗaya na riƙe da hoton masallacin da ginin ya tsaya a linta, ɗaya kuma da wata takarda a cikin leda. To wannan takardar ce ta dame ni, ita nake so mu ɗan tattauna yau.

In ka karɓa ka duba za ka ga hatimin dagaci, wani sa'in har da na hakimi, an rubuta cewa masu ɗauke da wannan takarda mutanenmu ne daga gari kaza, suna neman taimako don aikin kaza, duk wanda ya gansu ya ba su haɗin kai. Shike nan fa. Babu adadin da ake nema, babu ranar da izinin zai ƙare, sunayen masu yawon ma wani lokaci babu, kuma yawanci fotokwafi ce ta fotokwafi har hatimin ya koma wani baƙin dunƙule. Na taɓa ganin wadda dagacin da ya sa mata hannu ya rasu an naɗa ɗansa tuni, amma ita takardar tana nan tana cin kasuwa abinta.

Ba wai ina cewa mutanen nan ɓarayi ba ne, a'a wallahi, da yawansu dattawan kirki ne da suka bar gonakinsu suna shan rana don Allah. Kuma da irin wannan karo-karon aka gina rabin masallatanmu da islamiyyoyinmu, da shi aka katange maƙabartu aka gyara tuƙa-tuƙa da kwalbati tun kafin wani ɗan siyasa ya san hanyar garin. Abin da nake cewa shi ne izinin da muke bayarwa tambaya ɗaya kawai yake amsawa, wato su waye ku, amma tambaya ta biyu wadda ta fi muhimmanci, nawa kuka tara kuma ina kuɗin suka shiga, babu takardar da take yinta.

Mutane kan haɗa wannan da dokar hana bara, alhali ba abu ɗaya ba ne. A Kano an yi dokar hana barace-barace a titi tun 2013 zamanin Kwankwaso, Ganduje kuma ya sake shelanta hanin a watan Fabrairun 2020, 'yan Hisbah su ne ake gani suna kamen. Amma wannan kan mai roƙo wa cikinsa ya faɗa, almajiri da ƙoƙonsa, makaho da ɗan jagoransa, tsohuwar da ke zaune a bakin danja. Shi kuwa mai lasifika da kwali da takardar leda zai iya tara a wuni ɗaya abin da almajiri ba zai gani a wata ba, kuma ba mai ce masa kanzil, saboda ya ambaci masallaci. Ni dai wannan abin yana min wani iri.

To mene ne ma tsarin da ake da shi? A ƙauye dai sarauta ce hanyar, ka fara da mai unguwa ko bulama, ya kai ka gun dagaci, in abin zai fita wajen ƙasarsa a je wa hakimi. In kasuwa za ku shiga ku gaida sarkin kasuwa, in tasha ce ku ga shugabannin 'yan kamasho, in masallacin Juma'a ne sai liman ya yarda kafin ladan ya yi sanarwa bayan sallama. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai kuma suna yin rajista a ƙaramar hukuma, a sashen da ke kula da ci gaban al'umma, a ba su satifiket. Sai kuma babbar rajista ta tarayya a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda dokar kamfanoni ta 2020 da Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na shekarar ta tsara, a can sai kun kawo amintattu aƙalla biyu da kundin tsarin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai fito ya ce bai yarda ba, sannan kuma duk shekara ku riƙa kai bayani. Waɗanda suka bi labarai lokacin za su tuna hayaniyar da aka yi kan sashe na 839 da ya ba hukumar ikon dakatar da amintattun ƙungiya, shugabannin coci da ƙungiyoyin farar hula sun yi ta kumfar baki a kai. Bayan duk wannan in ka je banki buɗe asusu da sunan ƙungiya sau da yawa sai sun ce ina takardar SCUML, wani sashe ne a ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram.

Yanzu don Allah ku faɗa min, kwamitin masallacin wani ƙauye a bayan Ringim ko Garki da ke neman bandir goma na kwano da 'yan buhunan siminti, su ne za su ɗauki lauya su biya kuɗin jarida biyu? Kuɗin rajistar ma kaɗai ya isa ya rufa rabin masallacin. Shi ya sa ba sa yi, kuma ban ga laifinsu ba. Sai abin ya koma haka, a sama akwai doka mai nauyi da ba ta sauko ƙauye ba, a ƙasa akwai hatimin dagaci da ba ya bin sawun komai, a tsakiya kuma kuɗin jama'a na kwance a OPay ɗin ma'aji ko Moniepoint ɗin wani mai POS na bakin kasuwa, sun cakuɗe da kuɗin takinsa da na cefanen gidansa. Ko mutum waliyyi ne in matarsa na naƙuda da daddare kuma kuɗin masallaci na cikin wayarsa zai taɓa da niyyar mayarwa bayan ya sayar da riɗi, daga nan ake farawa. In kuma Allah ya yi masa rasuwa, banki magadansa ya sani, bai san wani kwamiti ba.

Kuma ku lura yanzu kwalin ma ya fara zama tsohon yayi, WhatsApp ne kasuwar. Kowane gari yana da guruf na 'yan asalin garin da ke Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, sai kawai ka wayi gari an turo hoton wani bawan Allah a gadon asibiti, ciki a kumbure ko ƙafa a naɗe, a ƙasa lambar asusu da "duk wanda ya tura Allah ya biya masa buƙatunsa, a yaɗa saboda Allah". Nan babu mai unguwa babu dagaci babu sarkin kasuwa. Kafin la'asar hoton ya shiga guruf ashirin, kuma a hanya wani ɗan iska zai iya goge lambar ya sa tasa, ba wanda zai gane. Wani lokaci ma maras lafiyan ya warke ya koma gona, ko ya rasu an yi sadakar bakwai, hotonsa na ta yawo ana tara kuɗi da shi. Ban da tonon silili, mace tana kwance ba ta cikin hayyacinta an ɗauke ta hoto an watsa wa duniya ba a tambaye ta ba, ba a tambayi mijinta ba. Wannan ɓangaren ya fi komai ci min rai.

Da ka ɗaga maganar lissafi a taron gari akwai amsar da ba ta ɓata, "ai don Allah muka bayar, in sun ci su da Allah". Wani ma har ya kawo maka hadisin mai sadakar da hannun hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. Malam wannan ai mai bayarwa ake yabo, ba a ce mai karɓa wa jama'a ya ɓoye abin da ya karɓa ba. Hadisin Ibnul Lutbiyya yana nan a Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya aike shi karɓo zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya yi masa lissafi, ya hau mumbari ya ce me ya sa bai zauna gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar ba. Sahabi ne fa aka yi wa haka. Mu kuma a ce tambayar ma'aji rasit rashin kunya ne.

Sannan akwai maganar kaso da kowa ya sani amma ba a faɗa a fili. Motar nan haya ce, mai ake zuba mata, batirin lasifika caji ake yi masa, samarin nan kuma sai sun ci abinci, wasu ma da yarjejeniya suke fita cewa kaza cikin abin da aka samu nasu ne. Ni ban ce haramun ne a biya su ba, ko a zakka aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa ma'aikatanta cikin masu rabo. Amma wanda ya jefa ɗari biyar a kwali ya cancanci ya san nawa ne zai isa ga siminti, in rabi ne ke tafiya a mai da abinci to gara a haƙura da motar a tsaya a ƙofar masallatai.

Muna da misalin da ke aiki a gabanmu ma, ba sai mun je nesa ba. Kwamitin zakka na masarautar Dutse, wanda marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi ya tsaya wa sosai har ya rasu a farkon 2023, ana tara hatsi da kuɗi da dabbobi gunduma gunduma, a zo a raba a bainar jama'a a faɗi abin da aka samu, wanda ya ba da buhu yana gani da idonsa inda ya tafi. Kano ma tana da hukumar zakka da hubusi tun 2003. Haka lokacin gobarar tankar mai ta Majiya a ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, da ta ci rayukan mutum sama da 150, Allah ya jiƙansu, manyan gudummawa ta hannun gwamnatin jiha suka bi ana sanarwa a rediyo wane ya ba da kaza, kuma saboda an faɗi adadin ne mutane suka samu bakin tambayar yadda aka raba. Rabon ma kansa yana son tsari, kowa ya ji abin da ya faru a Ibadan a Disambar 2024 inda yara 35 suka mutu a turmutsutsun wani taron rabon kyauta, wanda daga nan ne 'yan sanda suka ce mai shirin irin wannan rabo ya sanar da su tukuna.

Abin da nake ganin zai yiwu a ƙauye ba wani abu mai wahala ba ne. Takardar nan dai ta dagaci, amma a rubuta aikin da adadin da ake nema da sunayen masu yawo da hotunansu da kasuwannin da za su shiga, a sa mata wa'adin wata uku, kuma ba za a sabunta ba sai an tsaya bayan sallar Juma'a an karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, an liƙa kwafi a bangon masallaci. Asusu ya zama sai mutum biyu sun sa hannu, ko da asusun haɗin gwiwa ne na liman da ma'aji. Na WhatsApp kuma admin kar ya bar lambar asusu ta wuce sai wani sananne a garin ya je ya ga maras lafiyan da idonsa, kuma ran da kuɗi suka cika a fito a ce sun cika a daina turawa.

Abu ɗaya nake tsoro, kar ƙaramar hukuma ta ji wannan ta ce to madalla, a zo a sayi fom. Da zarar an sa wa takardar farashi ta zama haraji, 'yan rebenu za su tsaya a ƙofar kasuwa suna yankar rasit, mai gaskiya da ba shi da kuɗin fom ya koma gida, macuci kuwa ya biya da murna don yanzu ya samu hatimin gwamnati. Kyauta ya kamata ta zama, kuma a gun dagaci, shi da ya san gidan kowa.

Sai dai shi ma dagacin yana da tasa matsalar, shugaban kwamitin masallacin nan sau da yawa baffansa ne ko surukinsa ko malamin da ya koya masa alif ba, ta yaya zai kalle shi ya ce Baba ba zan sa hannu ba sai ka kawo lissafin wancan zagayen? Shi ya sa nake ganin umarnin sai ya fito daga fadar hakimi ko ma daga masarauta zuwa duk dagatai lokaci guda, yadda dagaci zai samu mafaka ya ce Allah ya ba ka haƙuri Baba, daga sama aka ce. Mu dai a ƙungiyar matasan garinmu mun sa maganar cikin abin da za mu kai wa hakimi bayan kaka, kuma tun yanzu wasu dattawa sun fara aiko mana cewa yaran zamani sun fara tuhumar iyayensu da cin kuɗin masallaci.