Randar Ƙofar Gidan Gwaggo

A unguwar da na tashi cikin birnin Katsina, ba nisa da Ƙofar Guga, akwai wata randa da ta shekara fiye da ashirin a gindin darbejiyar ƙofar wani gida. An kafa ta cikin yashi mai laima, an rufe bakinta da faifai, sannan an ɗaure moɗa da igiya a jikin bishiyar. Gidan na wata dattijuwa ne da kowa yake kira Gwaggo, ko da yake yawancinmu ba mu haɗa jini da ita ba. Ban taɓa ganin randar nan babu ruwa ba, kuma a tsawon yarintata ban taɓa tambayar kaina wanda yake cika ta ba.

Ina aji uku na firamare aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, kuma duk da murnar da manya suka yi ta yi a lokacin, mu abin da ya dame mu bai wuce a tashi daga makarantar allo da la'asar sakaliya mu fita fili ba. Langa ita ce sarauniyar wasanninmu. Kowa ya kama ƙafarsa ɗaya da hannu ta baya, a rabu gida biyu, a zaɓi wanda zai zama ruwa, sauran su yi ta kare shi da kafaɗa har ya kai wurin sha. Wanda ya saki ƙafarsa ya faɗi, ya koma gefe yana kallo yana cizon yatsa. Idan langa ta ishe mu sai mu koma ƙwallon tsumma, ko mu zauna mu fere karan dawa mu haɗa mota da ƙayar aduwa, mu ja ta har bakin ganuwa. 'Yan mata kuwa suna can ƙofar gida suna carafke da tsakuwa, sai dare ya yi, in akwai farin wata, su fito dandali su yi gaɗa.

Kowane lokaci na shekara da abin da yake kawo mana. Da damina akwai wankan kududdufi, wanda iyaye suka hana kuma muka sha bulala a kansa, yau kuwa da na san abin da tsargiya take yi wa yaro na ba su gaskiya. Da kaka akwai kamun fara a gonakin bayan gari, da hunturu kuma magarya da kanya da goruba. Idan azumi ya kai kwana goma sai tashe, mu liƙa gemun auduga mu bi gida gida ana ba mu hatsi ko 'yan kwabbai. Wani lokaci mukan yi tattaki har hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ba domin tarihin ba, sai domin mu ɗaga kai mu yi gardamar ko akwai ginin da ya fi ta tsawo a duniya.

Duk inda muka je kuwa, a randar Gwaggo muke ƙarewa. Wanda bai san zafin bazarar Katsina ba, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40 a watan Afirilu, ba zai gane daɗin ruwan randa ba. Jikin randa yana tsattsafo a hankali, iska ta busar da laimar ta tafi da zafin, shi ya sa ruwan yake yin sanyi mai laushi wanda ba ya kama haƙori kamar na firji, ga kuma ƙanshin ƙasa. Mukan yi layi muna haki, ƙura har gira, kowa na jiran moɗa ta zo hannunsa. Wani lokaci muryarta takan fito daga zaure: “Ku zauna ku sha, 'ya'yan nan, ba a shan ruwa a tsaye, kuma ku mayar mini da faifaina.” Mu amsa da “To, Gwaggo,” mu zubar da rabin moɗa a ka, mu ruga.

Sai bayan rasuwarta, ina magidanci, mahaifiyata ta gaya mini abin da ban sani ba. Gidan Gwaggo ba shi da famfo, kuma ko gidajen da suke da shi ba kullum ruwan madatsar Ajiwa yake isowa ba. Sayen ruwan take yi a wurin 'yan garuwa, da ribar ƙuli-ƙulin da take soyawa, kuma tun kafin asuba take wanke randar ta cika ta, ta sake ƙarawa da azahar. Na yi shiru na daɗe ina tuna yawan ruwan da muka zubar a kawunanmu. A matsayinmu na yara mun ɗauka ruwan nan kamar inuwar darbejiyar yake, abu ne da yake nan kawai. Da na ci gaba da tunani sai na ga ba randar kaɗai ba ce. Filin da muke langa na wani ne da bai taɓa korar mu ba, karan da muke fere mota daga dangar wani muke zaro shi, kuma kwanon tuwon da ake aike ni da shi maƙwabta kowane dare, ya dawo da dambu ko ɗanwake, ciyayya ce da iyayenmu mata suka riƙe ko a shekarar da hatsi ya yi tsada.

Ina jin mutane suna cewa wannan hali ya mutu, ni kuwa ban yarda ba, domin idona ya ga akasin haka. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa mai kuɗi a banki ya rasa na cefane a aljihu, mai shayin bakin layinmu ya yi makonni yana ba mutane shayi da burodi ba tare da ya buɗe littafi ba, abin da yake cewa kawai shi ne, “Alhaji, sha ka tafi, in ta samu ka kawo.” Har gobe mai tumatir a kasuwa yana ƙara maka gyara bayan an gama ciniki, kuma idan babur ɗinka ya mutu a hanya, da wuya ka tura shi nisa wani bai tsaya ya tambaye ka ko mai ne ya ƙare ba. Abin da na yarda ya ragu shi ne fili. Gidaje sun cinye dandali, motoci sun yi yawa, tsoro ya sa iyaye suna kulle yara da magariba, kuma ban ga laifinsu ba. 'Ya'yana sun san langa a baki, amma ba su taɓa kwana da ciwon cinya saboda ita ba.

Bazarar da ta wuce na sayo randa, na sa aka zuba yashi a ƙofar gidana, na kafa ta. Uwargida ta ce a zamanin ruwan leda babu wanda zai sha, kuma kwana biyun farko maganarta ta kusa tabbata, domin da yamma nakan tarar da ruwan yadda na bar shi. A rana ta uku wani mai tura kura ya tsaya ya sha ya yi addu'a, daga nan almajirai suka gano wurin, sai kuma yaran da suke buga ƙwallo a kangon bayan layi. Kafin mako ya zagayo moɗa biyu sun ɓace, faifan kuma kullum a ƙasa nake tsintarsa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya kasuwa na sayo moɗa ta uku, na haɗo da igiya.