Kiredit Uku Suka Ci Mini Shekara Guda

Ranar da 'yan ajinmu suka fito daga jarrabawar ƙarshe sanye da fararen riguna suna sa wa juna hannu da maka, ni ma na sa tawa, na shiga hoto, na yi dariya da kowa. A raina kuwa na san ban gama ba. Kos ɗaya ya rage mini, mai kiredit uku (kiredit shi ne nauyin da ake ba kowane kos), kuma saboda shi sai da na ƙara shekara guda cur ina zirga-zirga tsakanin Daura da Katsina. Babu malamin da ya kayar da ni da gangan, babu ofishin da ya ɓatar mini da sakamako. Ni na haƙa ramin tun ina aji ɗaya. Ƙannena masu karatun Maikirobayoloji, wato ilimin ƙananan halittu, ko a jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua kuke, ko Dutsin-Ma, ko Al-Qalam, ga yadda aka yi.

Likitanci na nema. Makin JAMB bai kai ba, aka ba ni ilimin ƙananan halittu. A gida kuwa tuni ƙannen mahaifiyata sun fara kirana Likita. Sai na shiga jami'a da ƙafa ɗaya, ɗayar tana waje. Ana lakca ina bayan aji da littafin tsofaffin tambayoyin JAMB, wai zan sake rubutawa in canza. Na sake, makin bai kai ba. Da sakamakon zango na biyu ya fito na ga 38 a kos ɗin Kimistiri na sinadaran kabon, wanda muke kira Oganik. Maki biyu kacal ya rage in tsallake. Ba tsuntsu, ba tarko.

Faɗuwa kos ɗaya a aji ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, mutane da yawa sun faɗi sun tashi. Abin da na yi bayan faɗuwar shi ne ɓarnar. Da muka shiga aji biyu, wani yayanmu ɗan aji huɗu, ɗan garinmu wanda nake kwana ɗakinsa, ya ce mini, “Ƙanena, kada ka tara wa kanka kaya. Bar wannan keri-obar, kos ɗin da ka faɗi, sai ka je aji huɗu, a lokacin kwasa-kwasai sun yi sauƙi.” Na ce, “To Yaya.” Na cike fom a shagon intanet ba tare da kos ɗin ba, na miƙa wa wakilin aji, shi kuma ya haɗa da na mutum fiye da ɗari ya kai a sa hannu. Ba da mugunta ya ba ni shawarar ba, abin da ya sani ke nan. Shi dai bai taɓa faɗuwa kos na zango na biyu ba, don haka bai san inda gizo ke saƙa ba.

Kos na zango na biyu, a zango na biyu kaɗai ake koyar da shi kuma ake jarrabawarsa. A shekara huɗu kana da zango na biyu guda huɗu. Na farko a cikinsa na faɗi. Na biyu na bar shi ya wuce da kaina. Na uku kuwa, a tsarinmu, na SIWES ne: wata shida kana wajen makaranta kana koyon aiki, ba lakca, ba jarrabawa, babu damar ɗaukar wani kos. Saura ɗaya ke nan, na ƙarshe, wanda furojet, wato binciken kammala karatu, ke cikinsa. Ban taɓa zama na ƙirga wannan ba, alhali lissafi ne da yaron firamare zai yi da yatsu.

Kuma bashin bai tsaya shi kaɗai ba. A zango na biyu na aji biyu na faɗi Bayokimistiri, mai kiredit uku, da kos ɗin ƙididdiga mai kiredit biyu. Ta Bayokimistiri ba sai an yi mini duba ba: wanda bai gane Oganik ba, ya zauna a gaban hanyoyin da ƙwayar halitta ke narkar da sukari, kamar an ba shi allo da rubutun wani harshe ne. Mu ɗalibai mukan ɗauka Kimistiri na aji ɗaya wani shinge ne da aka sa don a wahalar da mu. Ba haka ba ne. Nonon da ake dama fura da shi, tsaminsa aikin bakteriya ne da ke juya sukarin madara su mai da shi asid. Rinin Gram, wanda wani likita ɗan Denmak mai suna Gram ya fito da shi a 1884 kuma har yau shi ne abu na farko da ake koya maka a lab, sirrinsa kaurin bangon ƙwayar ne: mai kauri ya riƙe shunin farko ko an wanke shi da alkohol, marar kauri ya saki, ya ɗauki jan rini na biyu. Duk Kimistiri ne. Na haddace matakan rinin guda huɗu na ci firatikal, amma sai a aji uku na gane abin da ke faruwa a kan gilashin.

Sannan ga maganar CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi tun daga aji ɗaya, wadda na daɗe ina yi wa kallon wani abu da kwamfuta ke fitarwa yadda ta ga dama. A ma'aunin biyar, A daga 70 take zuwa sama kuma maki 5 ce, B daga 60 maki 4, C daga 50 maki 3, D daga 45 maki 2, E daga 40 maki 1, F kuwa sifili. Ana ninka makin da kiredit ɗin kos, a tara, a raba da jimillar kiredit ɗin da ka yi rajista. A ce ka ɗauki kiredit 20 ka ci C a duka, kana da 3.00. Ka faɗi kos ɗaya mai kiredit uku a ciki, ka sauko 2.55. A wajenmu ko ka sake kos ɗin ka ci A, sifilin farko yana nan a cikin lissafi, bai goge ba. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda makin ke yin nauyi in an yi nisa. Wanda ya gama aji biyu da 2.60 a kan kiredit 80, in yana son ya fita da 3.50 a kan kiredit 150, sai ya riƙa cin sama da 4.5 a duk abin da ya rage. Shi ya sa aji ɗaya, da muke rainawa muna cewa maimaicin sakandare ne, ya fi kowane aji araha wajen tara maki. Ajin digiri kuwa a bayyane yake: 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, 3.50 babbar daraja ta biyu, 2.40 ƙaramar daraja ta biyu, 1.50 daraja ta uku.

Sai a farkon aji huɗu na taka ofishin malamin da ke kula da ajinmu, lebul kodineta, da ƙafata. Shekara uku ina ganin ƙofar ina wucewa. Kunya ce ta hana ni, da tsoron kada ya ga sakamakona ya san ni da fuska, kamar dai ba a hannunsa sakamakon yake ba. Na yi sallama, na rusuna, na ce, “Ranka ya daɗe, rajista ce ta ƙi shiga.” Ya karɓi takardun ya duba, bai yi faɗa ba. Ya jawo farar takarda ya rubuta kwasa-kwasan zangon ƙarshe, suka tashi kiredit 19 har da furojet mai shida. A ƙasa ya rubuta bashina: uku, uku, biyu. Ya ja layi, ya rubuta 27. Ya ce, “Ka san iyakar abin da ɗalibi zai ɗauka a zango?” Na ce 24. Ya ce, “To, bashi ake fara biya. Kos ɗaya na aji huɗu zai jira baɗi.” Na roƙa, na ce Malam a taimaka. Ya ce ba a hannunsa yake ba, doka ce, kuma tana cikin littafin da aka raba mana ranar da aka rantsar da mu. Sai ya ajiye biro ya ce, “Da ka zo mini a aji biyu, minti biyar ya ishe mu.”

Wannan littafin na sashe, ni ban san ma inda na jefa nawa ba. A cikinsa aka jera kowane kos, da kiredit ɗinsa, da zangon da ake yin sa, da wanda yake dole da wanda yake na zaɓi, da wanda ba a ɗauka sai an ci wani kafin shi. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sa mafi ƙarancin kiredit 120 ga mai digirin shekara huɗu, 90 ga wanda ya shigo kai tsaye aji biyu, amma sashenku yana iya neman fiye da haka, kuma nasa za a bi ranar tantance masu fita. Ku da kuka shigo yanzu kuna da ƙarin dalilin ƙin kwafar fom ɗin na gaba da ku: a watan Disamba na 2022 hukumar ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, inda ta tsara kashi 70 ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Lambobin kwasa-kwasai da kiredit sun canza a wurare da yawa. Abin da yayanku ya yi rajista ba lallai shi ne naku ba.

Akwai wani kallon kitse da na yi wa rogo, shi ma da tambaya ɗaya ta warware shi. Na ɗauka in na gama, asibiti zan shiga in riƙa gwajin jini da fitsari. SIWES ɗina ma a lab ɗin wani asibiti na yi shi, na koyi dafa kayan aiki a tukunyar tururi a zafin digiri 121 na minti 15, na koyi shuka samfuri a faranti a bar shi ya kwana a digiri 37. Wata ma'aikaciya ce a can, wadda muke kira Anti, ta ce mini, “Ɗana, ka san da wannan digirin naka ba za a ba ka lasisin zama a kujerar nan ba ko?” Gwajin marasa lafiya sana'a ce mai hukumarta, wadda dokar 2003 ta kafa, kuma digirinta daban ne, na shekara biyar. Mai Maikirobayoloji hanyoyinsa wasu ne: kamfanonin abinci da abin sha da magunguna, gwajin ingancin ruwa, hukumomi irin su NAFDAC, bincike, koyarwa, digiri na biyu. Ba ƙananan hanyoyi ba ne. Da na san haka da wuri, da wata uku daga cikin wata shidan SIWES ɗina na nemi yin su a gidan ruwa ko masana'anta, in sashe ya yarda.

Sauran ƙananan abubuwa ba sai na ja su ba. Halartar lakca kashi 75 sharaɗin shiga jarrabawa ne, kuma akwai malaman da ke ƙirgawa. Gwajin cikin zango maki 30 ne ko 40, wanda ya tara 25 a nan ya shiga jarrabawa da kwanciyar hankali. Kowane fom na rajista da aka sa wa hannu, da rasit, a yi musu hoto a adana, domin kos ɗin da ka rubuta jarrabawarsa ba ka yi rajistarsa ba kamar ba ka rubuta ba ne. A duba suna a jerin ɗaliban JAMB tun da wuri, don bautar ƙasa ba ta kiran wanda babu sunansa. Wanda kuma ya shigo da shekaru ya riƙa duba kalanda: wanda ya haura 30 kafin ya kammala takardar yafewa ake ba shi, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas.

Furojet ɗina a kan zoɓon da ake sayarwa a robobi na yi shi, na ƙirga ƙwayoyin da ke ciki, na kare shi lafiya tare da 'yan ajinmu. Su suka tafi sansanin bautar ƙasa. Ni na biya kuɗin rajistar shekara guda, na zauna gida zango na farko ba abin yi, zango na biyu na riƙa hawa motar haya ta hanyar Mashi sau biyu a mako don lakca ɗaya, ina zama cikin yaran da na riga shiga makaranta. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya dai ta tambaye ni, “Wai shi wannan abin da ya rage, ba ka iya ba ne?” Na ce na iya, wuri ne babu. Ta yi shiru, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na ci A a kos ɗin.

Bana 'yar yayata ta samu gurbi a sashen. Da ta zo hutu na ce ta kawo mini littafin sashensu mu duba tare. Ta ce, “Kawu, ai an turo mana shi a WhatsApp na aji tun makon farko.” Na ce ta buɗe. Muka tarar ko sauke shi ba ta yi ba, wai data yake ci. Na tura mata kati, muka zauna a tabarma bayan Magariba da biro da farar takarda, muka fara da zango na biyu.