Karen gadi da abincin gona

A nan yankinmu na Auyo ba wanda ke sayen nama don kare. Da can mahauta kan ba mu tarkace kyauta, yanzu ko huhu da kuɗinsa. Shi ya sa Duna, karen da ke tsare mini awaki da dare, ya koma cin abin da gona ta bayar kawai, ni kuma na sa ido in ga yadda jikinsa zai karɓa.

Tuwon masara da jiƙaƙƙen ƙanzo aka fara ba shi. Ci kam yana ci, amma kafin kaka ta wuce gashinsa ya dushe, haƙarƙari ya fito, haushin nan nasa da ake ji har bakin fadama ya yi sanyi. Malamin dabbobi da ke zuwa yi wa shanu allura ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi, ya ce, "Malam, cikinsa na cika, jikinsa ne ke jin yunwa."

Ba wai kare ba ya iya hatsi ba ne. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2013 ya nuna cewa daɗewarsa tare da ɗan Adam ta sa ya fi kyarkeci iya narkar da tsaba. Matsalar ita ce hatsi zalla. Masara ba ta ba jiki isasshen bitamin B3, rashinsa kuwa na kawo wa kare ciwon baƙin harshe, wanda a 1937 masanin nan na Amurka, Conrad Elvehjem, ya warkar a jikin karnuka da wannan bitamin.

Sai muka canza tukunya. Uwargida ta riƙa dafa wake har ya yi luguf, ta dame shi da tuwon gero ko dawa, ta zuba dakakken ƙuli-ƙuli da kabewa da ɗan zogale. In maƙwabta sun yi awara mukan karɓi dusar, amma sai an sake dafa ta, don waken suya in bai nuna ba kumburin ciki da zawo yake sa shi. Abin da hatsi ya rasa na gina jiki wake na cikawa, shi ma hatsin ya cike giɓin wake. Kafin sanyi ya fita Duna ya murje.

Abu biyu nake tsoro sosai. Ragowar miya, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare a hankali, ko an dafa su. Sai gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna. Mutane kan ce ai kare ne, a zuba masa, alhali dafin funfunar kan hanta yake sauka, yana kuma kisa. Wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai, don dabbar da ta hana idonta barci saboda dukiyarka ba ta cancanci haka ba.

Duk da haka tsiro bai gama komai ba. Bitamin B12 ba ya cikin wake, ba ya cikin gero, kuma abin gina ƙashi kaɗan ne a cikinsu. Don haka ranar kasuwar Haɗeja nakan auno ɓurɓushin busasshen kifi a barbaɗa masa, a haɗa da ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka ya yi laushi. Karya mai shayarwa da 'yan kwikwiyo kuwa ba na yarda a tsare su kan tsiro kaɗai, sai da ƙwai ko kifi a kai a kai, domin lokacin ne ƙashinsu ke ginuwa.