Talata a ɗakin gwaji: abin da ke wuri na 80

Jini ya iso ƙarfe tara a kwalba mai hefarin. An tsarma shi, an ɗora kan Ficoll, ruwan da ke ware ƙwayoyin jini bisa nauyinsu, a hankali, aka juya a 400g na minti 30, birkin inji a kashe. In aka bar birki, farin zoben ƙwayoyin da ke tsakiya dagulewa yake yi.

Tambayar yau: ta yaya KIR2DL1, makarɓin da ke jikin ƙwayar NK (farar ƙwayar jini mai kashe ƙwayoyin da suka kamu da cuta ko suka lalace), yake gane nasa? Ita ƙwayar NK shaidar ɗan gida take dubawa, wato HLA rukuni na ɗaya, furotin da ke saman ƙwayoyin jikin mutum. In babu shaidar, kuma ga alamar da ke tunzura ta, sai kisa. Abin da Klas Kärre da abokan aikinsa suka nuna ke nan a gwajin ɓeraye a 1986.

Shi kuwa KIR2DL1 ba kowace shaida yake karɓa ba. Wuri na 80 a jerin amino asid na HLA-C, ɗaya daga cikin irin wannan shaida, yake dubawa. In laisin ce a wurin, kamar a nau'in HLA-C mai suna Cw4, ya kama. In asparajin ce, kamar a Cw3, ya wuce abinsa. Methiyonin da ke wuri na 44 a jikin KIR2DL1 ce ke yanke wannan hukunci, ɗan'uwansa KIR2DL3 kuma laisin gare shi a nan. Da ya kama, jelarsa ta ciki ta jawo SHP-1, furotin mai kashe saƙon tunzuri, umarnin kisa ya mutu.

Ƙarfe sha ɗaya aka haɗa ƙwayoyin da aka ware daga jinin da ƙwayoyin 721.221, waɗanda ake sa wa NK a gaba don ta kai musu hari, iri uku: marasa HLA-C, masu Cw3, masu Cw4. Zafi 37, iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari. Antibodin CD107a, alamar da ke nuna NK ta kai hari, tun farko, monensin mai hana alamar ɓacewa bayan awa ɗaya, jimla awa biyar.

Bayan la'asar sakamako ya fito a karkace. Masu Cw3 ma sun sami kariya, alhali bai kamata ba. Ba na'ura ce ta yi ƙarya ba, mu muka manta da HLA-E, wata shaidar ta daban. Duk HLA-C da aka dasa wa ƙwaya yana sakin guntun kansa mai amino asid tara, HLA-E ya ɗauke shi ya fito da shi waje, NKG2A, wani makarɓin a jikin NK, ya gani ya taka birki. Birki biyu ke nan, mu kuwa ɗaya muke aunawa. Da aka ware ƙwayoyin NK masu KIR2DL1 da ba su da NKG2A, sai lissafi ya daidaita: sun afka wa masu Cw3, sun kyale masu Cw4.

Saura matsala biyu. Antibodin EB6 da ake gane KIR2DL1 da shi ba ya bambance KIR2DL1 da KIR2DS1, wanda tunzurawa yake yi, don haka sai an duba ko mai jinin yana da shi. Antibodin W6/32 da za a toshe HLA da shi gobe kuma, a yi amfani da guntunsa marar jela, kada jelar ta taɓa CD16, makarɓin NK mai kama jelar antibodi, ta jawo kisan da ba a nema ba. An saka sauran ƙwayoyin a inkubeta ƙarfe shida.