Banɗakin Inna da "na ji" ɗin Yaya Bello

Lafiya lau na tashi yau, har Hadiza ta yi mana kunun gyaɗa da ƙosai. Malam Ɗan Ige ya zo da tef ɗinshi ya sake auna banɗakin Inna, tunda likita ya ce gwiwar nan ba ta son tsuguno, dole a sa mata masai na zama. Ya rubuta lissafi a bayan takardar buhun siminti, na ɗauka a waya na tura ma Yaya Bello.

Ban ko aje wayar ba ya kira. "Kai Ummaru, banɗaki za a gyara ko gida za a gina? Nawa na nan Kano bai ci rabin haka ba." Da dariya ya faɗa amma wallahi ta tsaya mani a rai.

Na ce Yaya kai fa Ƙofar Ruwa ka shiga ka zaɓi tayil ɗinka, mai adaidaita ya kai maka har ƙofar gida. Mu nan Birnin Kebbi tayil da masan da fayif duk sai sun hau babbar mota, na Kano su biyo Funtuwa da Gusau, kuma kowa ya san direba ba ya son hanyar nan da yamma don haka abin da ya ga dama yake yankewa, ga kuɗin mai tun da aka cire tallafi a 2023, sannan wanda ya fashe cikin katan a hanya ai mai shago ba shi zai ɗauki asarar ba, kanmu yake ɗorawa. Siminti ne dai da ɗan dama tunda kamfanin siminti na Kalambaina na nan Sakkwato kusa, yashi kuma gulbi bai yi mana rowa ba. To ramin sokawe fa? Unguwarmu gab da fadama take, kafin a haƙa zurfin gaba guda ruwa ya fara tsattsafowa, sai an jera bulo an shafe ciki da siminti, in ba haka ba damina guda ya rufta. Mai tayil ɗin ma ɗan Kwatano ne, da sefa yake lissafi a kanshi kafin ya faɗa maka da naira.

Ya yi shiru, ya ce "to, to, na ji." Irin na ji ɗin nan da ke nufin ban yarda ba amma ba ni da lokaci. Ni da ke kai Inna asibiti a bayan mashin, ni za a yi ma kallon mai ƙarin sifili?

Ashe Inna na zaune bakin ɗaki tana tsinke zogale, duk ta ji. Ta ce "ku bari ɗiyana, kar ku yi faɗa kan makewayi, butata ta ishe ni." Wannan ta fi ta Yaya ciwo.

La'asar shago, ba ciniki. An ɗauke wuta tun azahar. Hadiza ta ce in sake kiranshi, na ce sai dai shi ya kira.

Har yanzu alat bai shigo ba, kuma Ɗan Ige ya ce mai tifa na son kuɗin yashi gobe da sassafe.